ƘWARI MASU GARKUWA: SANIN DANGINSU RABIN MAGANI NE

Wata ran Asabar da rani wani dattijo maƙwabcinmu ya yi sallama a ƙofar gidana, yana riƙe da reshen lemo. Yana da itatuwan lemon zaƙi goma sha biyu a bakin fadama, da kuɗinsu kuwa yake biya wa jikokinsa makaranta. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini reshen, ya ce, "Malam, dubi ƙazuwar da ta kama mini lemo. Sau uku ina sayen magani ina fesawa, amma kullum sai ƙaruwa take yi."

Na karɓa na duba. Ganyayen sun yi rawaya, 'ya'yan kuma duk sun cika da ɗigo-ɗigo ja-ja, kamar an watsa musu tsatsa. Na sa farce na ɗaga ɗaya daga cikin ɗigon, sai ya ɓallo kamar ɗan murfi. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan abu mai taushi manne da ɓawon lemon. Na ce, "Baba, wannan ba ƙazuwa ba ce, ƙwaro ne." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ina ka taɓa ganin ƙwaro ba ƙafa, ba fiffike, ba ya ko motsi?"

Tambayar Baba tana da ma'ana, gama yawancinmu haka za mu ce. Saboda haka na ga ya kamata a wannan wata mu yi magana a kan waɗannan ƙwari, da yadda masana suka kasa su dangi dangi, da kuma abin da wannan kasawa za ta amfana wa mai lambu da uwargida mai itace ɗaya a tsakar gida.

YADDA SUKE RAYUWA

Za mu kira su ƙwari masu garkuwa, domin kowannensu yana zaune a ƙarƙashin wata 'yar garkuwa da shi da kansa ya ƙera. Yawancinsu faɗinsu milimita 1 zuwa 3 ne, watau wajen girman ƙwayar riɗi ko ƙasa da haka.

Sa'ad da ɗan ƙwaron ya fito daga ƙarƙashin garkuwar uwarsa, yana da ƙafafu shida da idanu kamar sauran ƙwari. Yakan yi ta rarrafe na 'yan sa'o'i, ko yini guda, yana neman wurin zama. A wannan lokaci ne iska takan kwashe shi zuwa wani itace, ko ya hau ƙafar tsuntsu, ko rigar mai lambu. Da ya sami wurin da ya yi masa, sai ya soka bakinsa cikin ganye ko ɓawo. Bakin nan siriri ne kamar gashi, yakan ma fi jikinsa tsawo. Daga nan sai ya soma fid da wani irin kaki daga jikinsa yana rufe kansa.

In mace ce, tafiyarta ta ƙare ke nan har abada. Za ta yi saɓa sau biyu kamar yadda maciji yake yi. A saɓar farko ƙafafunta sukan tafi. Ba ta yar da tsohuwar fatar, sai ta haɗa ta da kakin nan ta ƙara wa garkuwarta ƙarfi. Shi ya sa in ka duba garkuwar da kyau za ka ga ɗan tudu a tsakiya ko a gefe guda: tsohuwar fata ce. A nan za ta ci, ta yi ƙwai ko ta haifi 'ya'ya, ta mutu.

Namiji kuwa dabam yake. In ya girma yakan fito da ƙafafu da fikafikai biyu, kamar ɗan mitsitsin sauro. Amma ba shi da bakin cin abinci. Aikinsa ɗaya ne, ya nemi mace, kuma da wuya ya wuce kwana ɗaya ko biyu a duniya.

DANGI UKU DA AKAN RIKITA

Masana sun sa waɗannan ƙwari cikin babbar kabila ɗaya da kuɗin cizo da ƙwarin darɓa, gama dukansu bakinsu na tsotso ne, ba na tauna ba. A cikin kabilar nan akwai wani babban reshe na ƙwari masu mannewa a jikin tsiro, wanda yake da iri wajen 8,000 da aka sani. Wasunsu ma suna da amfani: daga ɗaya ake samun jan rini a Meziko da Peru, daga wani kuma a Indiya ake samun ƙaron da ake shafa wa katako ya yi sheƙi. Amma dangi uku ne suka fi damun manoma, kuma wajibi ne mu iya bambanta su.

Na fari su ne masu gari. Jikinsu taushi, an lulluɓe shi da wani farin abu kamar garin rogo ko auduga. Suna da ƙafafu har girmansu, suna kuwa iya tafiya a hankali.

Na biyu su ne masu taushin baya. Sukan yi tudu kamar rabin ƙwayar wake. Su kamar kunkuru suke, watau ƙoƙon bayansu jikinsu ne. In ka ɗaga shi, ka ɗaga ƙwaron duka.

Na uku su ne namu, masu garkuwa, waɗanda masana suke kira Diaspididae. Su kamar tuwo ne da aka rufe da faifai: in ka ɗaga faifan, tuwon yana nan a ƙasa. Su ne suka fi kowane dangi yawa a reshen nan, gama an san fiye da iri 2,600 nasu, an kuma kasa su gidaje wajen 400.

Ga wata alama kuma mai sauƙi. Masu gari da yawancin masu taushin baya suna shan ruwan zaƙin da yake gudana cikin jijiyar itace, suna kuwa fid da darɓa mai yauƙi. Darɓar nan ita take jawo tururuwa da kiyashi, a kanta kuma baƙar fumfuna take tsirowa, har ganye ya zama kamar an shafa masa kunkunniya. Masu garkuwa ba sa fid da darɓa ko kaɗan, domin su naman ganyen da na ɓawon suke tsotsewa. In ka ga ɗigo-ɗigo a itace, ganye yana rawaya, reshe yana bushewa daga sama, amma ba yauƙi ba baƙin ganye, to ka yi zaton masu garkuwa ne.

YADDA MASANA SUKE KASA SU

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus shi ne ya kafa hanyar ba kowace dabba suna biyu da Latin, a littafinsa na shekarar 1758. Sunan farko na gida ne, na biyu na iri, kamar yadda mukan ambaci mutum da sunansa da na gidansu. Gidajen da suka yi kusa akan haɗa su zuriya ɗaya, zuriyoyi kuma su zama dangi. Amfanin wannan shi ne, malamin gona na Zariya da na Indiya za su san ƙwaro ɗaya suke magana a kai, ko da harshensu ya bambanta.

To, amma yaya za a kasa halittar da ba ta da ƙafa, ba fiffike, ba kai sosai? Garkuwar kaɗai ba ta isa shaida ba, gama iri ɗaya yakan sāke kamannin garkuwarsa bisa ga itacen da yake kai. Saboda haka sai a cire macen daga ƙarƙashin garkuwa, a wanke ta da magani har ta zama garau, a rina ta, a shimfiɗa ta a kan gilashi, a duba da madubin likita. Abin da ake dubawa shi ne ƙarshen jikinta na baya. A can gaɓoɓin cikinta sun haɗe sun zama faranti ɗaya mai tauri, a bakinsa akwai 'yan haƙora da ƙayoyi da geza, da ƙananan kafofin da kaki yake fitowa. Da wannan faranti take shafe garkuwarta kamar yadda magini yake yaɓe da cokalinsa. Yawan haƙoran, da siffarsu, da jerin kafofin, su ne kamar zanen fuska da ake gane asalin mutum da shi a dā.

Mutane da yawa sun ƙarar da ransu a kan wannan aiki. Ferris na Amurka ya zana ɗaruruwan iri da hannunsa cikin littattafan da ya soma bugawa a 1937. Balachowsky ya yi nasa a Faransa, Borchsenius na Rasha ya buga jerin dukan waɗanda aka sani a duniya a 1966, Takagi kuma ya yi shekaru masu yawa yana aikin a Japan.

A zamaninmu an sami sabuwar shaida, watau sinadarin gado da yake cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai. A shekarar 2019 wani masani a Amurka mai suna Normark da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwada sinadarin gado na fiye da iri 300. Bisa ga abin da suka gani suka kasa dangin zuriya huɗu. Biyu ƙanana ne, Ancepaspidinae da Furcaspidinae. Biyu kuwa manya ne, a cikinsu kusan dukan masu ɓarna suke.

Zuriyar Aspidiotinae yawancinsu garkuwarsu zagayayya ce, tsohuwar fata tana wajen tsakiya. Jan ƙwaron lemo irin na Baba yana cikinsu, haka na doya, da na dabino. Zuriyar Diaspidinae kuwa da yawansu garkuwarsu doguwa ce kamar ɓawon makankari, tsohuwar fata tana a ƙarshe guda, mazansu kuma sau da yawa farare ne dogaye, sukan taru wuri ɗaya kamar an barbaɗa toka. Farin ƙwaron mangwaro yana cikinsu.

Binciken nan ya nuna wani abu kuma. Akwai waɗanda macensu ba ta fita daga fatarta ta biyu, sai ta zauna ciki duk ranta. A dā an zaci da yawansu 'yan uwan juna ne saboda wannan hali. Sinadarin gado ya nuna halin ya ɓullo a gidaje dabam dabam waɗanda ba su kusa da juna. Gaskiyar Hausawa ce, kama da wane ba ta wane.

ABIN DA KUSKUREN SUNA YA JAWO

Wataƙila mai karatu zai ce, duk wannan aikin masu farar riga ne, ina ruwan manomi? Bari mu ji labarin manoman lemo na Kalifoniya a Amurka.

Jan ƙwaron lemo, Aonidiella aurantii, ya shiga gonakinsu tun shekarun 1870. Masana sun san a ƙasashen Asiya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, masu yin ƙwai a ƙarƙashin garkuwar ƙwaron, 'ya'yansu su cinye shi. Aka yi ta aika mutane su kawo su, aka yi ta saki, ba nasara. Ashe kuskure biyu ne. Na ɗaya, akwai wani ƙwaro mai ruwan ɗorawa, Aonidiella citrina, wanda ya yi kama da jan ƙwarai, har akan ɗauki ɗaya a madadin ɗaya. Sai a kawo zanzaron da yake cin mai ruwan ɗorawa a sake shi a kan jan, ya kāsa. Sai a 1937 wani masani mai suna McKenzie ya nuna 'yan alamun da suke raba su a ƙarƙashin madubi. Na biyu, masu neman zanzaron sun sha ganin waɗanda suka fi amfani a Asiya, amma suka bar su, suna zaton irin wanda yake Kalifoniya ne tun dā. Da aka gane bambancin, aka kawo Aphytis lingnanensis daga Sin a 1948, aka kuma saki Aphytis melinus na Indiya da Pakistan a 1957. Wannan na biyu har yau da shi ake yaƙin jan ƙwaron a ƙasashe da yawa. Shekaru fiye da hamsin suka salwanta saboda rashin sanin suna.

Mu ma a Afirka mun ɗanɗana irin wannan, ko da yake ƙwaron namu na dangin masu gari ne. A 1973 aka ga wani baƙon ƙwaro yana murƙushe kan rogo a Kwango, cikin 'yan shekaru ya bazu har Nijeriya. An fara neman maƙiyansa a arewacin Amurka ta Kudu, a kan wani ƙwaro mai kama da shi, amma waɗanda aka kawo ba su yi aiki ba. A 1981 aka sami ainihin ƙwaron a ƙasar Faraguwai, aka kawo ɗan zanzaron da yake cinsa, aka sake shi a cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi da take Ibadan. Rogon miliyoyin iyalai ya tsira. Masanin da ya shugabanci aikin, Hans Herren, ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 1995.

WAƊANDA SUKE KUSA DA MU

Na dabino, Parlatoria blanchardi, fari-fari ne, yakan rufe ganyen dabino har ya zama kamar an yi masa farar ƙasa. Ya dami masu dabino daga ƙasashen Larabawa har Sudan da Nijar da Muritaniya. A ƙarshen shekarun 1960 aka kawo wani ɗan baƙin ƙwaro mai zagayayyen baya daga Iran aka sake shi a Muritaniya don ya cinye su, daga baya kuma aka kai shi lambunan dutsen Abzin a Nijar.

Na dogon yaro, Aonidiella orientalis, gidansu ɗaya da jan ƙwaron lemo. A tsakiyar shekarun 1980, bayan fari ya raunana itatuwa, ya auka wa dogon yaro a kewayen Tafkin Cadi, a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, ganye ya yi ta zuba. Abin mamaki, itacen da muke korar ƙwari da ganyensa shi ma yana da nasa ƙwaron.

Na doya, Aspidiella hartii, yakan manne a jikin doya tun daga gona, ya ci gaba da yaɗuwa a rumbu. Doyar takan yanƙwane, irin kuma ya ƙi tsirowa da kyau.

Farin ƙwaron mangwaro, Aulacaspis tubercularis, an ba da labarin ɓullarsa a yammacin Habasha a 2010, ya kuwa yi wa masu mangwaro na can ɓarna ƙwarai. Yakan bar tabo ja-ja a jikin 'ya'yan, masu saye su ƙi.

ABIN DA IYALI ZA SU YI

Yanzu za mu gane abin da ya sa maganin Baba bai yi aiki ba. Garkuwar ta tare maganin, bai taɓa ƙwaron ba. Waɗanda ya kashe su ne 'yan zanzaro da ƙwarin da suke cin masu garkuwa, gama su ba su da murfi. Watau Baba ya sa kuɗinsa ya kashe masu gadinsa. Tun 1914 ma wani masani mai suna Melander ya ba da labarin cewa wani ƙwaro mai garkuwa a gonakin tuffa na Amurka ya daina jin maganin farar wuta da ake fesa masa, wannan kuwa shi ne karo na farko da aka rubuta labarin ƙwaro ya gagari magani. Haka kuma wasu magungunan da ake zubawa a gindin itace, masu bin jijiyoyin itacen, sun fi kama masu taushin baya da masu gari, ba su cika yi wa masu garkuwa kome ba. Ga shawarwari kaɗan:

1. Kafin ka sayi magani, ɗaga murfin da farce ko allura, ka san ko wane dangi ne.

2. Murza su da babban yatsa. In yatsan ya jiƙe, suna da rai. In gari ne busasshe, sun riga sun mutu, gama garkuwa takan daɗe a manne bayan mai ita ta mutu.

3. Duba ko akwai 'yar huda zagayayya a kan garkuwoyin. In akwai da yawa, zanzaro suna aiki. Kada ka fesa musu dafi.

4. Sare rassan da suka cika da su ka ƙone. Ka rage cunkoson rassa domin iska da rana su shiga.

5. Ka shayar da itacen da rani, ka sa masa taki. Itacen da ƙishi ya raunana shi ya fi shan wahala. Ƙura ma tana hana zanzaro aiki, saboda haka wanke ganyen ƙananan itatuwa da ruwa yana da amfani.

6. In tilas a yi feshi, akwai wani farin mai na musamman da ake dama shi da ruwa, mai toshe musu numfashi. Ya fi aiki a lokacin da 'ya'yan suke rarrafe ba su yi garkuwa ba tukuna. A fesa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, ba kuma a kan itace mai ƙishi ba, don kada ganye ya ƙone.

7. Kada ka sayi dashen lemo ko mangwaro, ko irin doya, ko karan rogo, sai ka juya shi ka duba. Macen ba ta tafiya, mu ne muke ɗaukarta daga gari zuwa gari. Rigakafi ya fi magani.

8. In abin ya fi ƙarfinka, yanki reshe ka sa a ambulan ko takarda, ka kai wa malamin gona, ka gaya masa irin itacen da wurin da yake.

Baba ya daina feshin. Muka tafi lambun tare da 'yan ajina shida, muka sare rassan da suka mutu, muka ƙone, ya kuma gyara hanyar ruwa. Itace biyu ba su tashi ba, gama abin ya riga ya ci su. Sauran goman suka yi sabon toho da damina. Wata rana ƙaramin jikansa ya zo makaranta a guje da ganye a hannu, yana cewa, "Malam, Malam, ga hudar nan da ka ce!" Na ɗauko gilashi mai ƙara girman abu, yara suka yi layi suna dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Ku ma iyaye, ku gwada wannan da yaranku ran Asabar mai zuwa. Ku tsinko ganyen lemo ko na mangwaro daga tsakar gida, ku juya bayansa, ku ba yaro allura ya ɗaga murfin da kansa, sa'an nan ku tambaye shi ko wane dangi ne.